Da Bakina Na Fassara

Alhamis, 3 ga wata, 6:50 na yamma

Na dawo daga ɗakin karatu. Har yanzu jakata na kafaɗata. Ba abin da zan rubuta yau.

Juma'a, 4 ga wata, 9:30 na safe

Baban Auta ya fita aiki. Na yi shara, na wanke kofunan da dama a wanke suke. Bari in rubuta, ko ƙirjina ya ɗan sauka.

Shekara bakwai ke nan ina tafinta a zamanmu na Alhamis. Ƙarfe huɗu ake kunna majigi a benen ɗakin karatu, wani masani ya bayyana daga Amurka, shi da kofin shayinsa na safe, mu da guminmu na la'asar. Yau a yi maganar zaɓensu, wani makon kotunansu, wata rana makarantunsu ko yadda suke kula da tsofaffi. Ya faɗa da Turanci, in mayar da Hausa ga mutum arba'in a kan kujerun roba: malamai, ma'aikatan jinya, 'yan kasuwa, da tsohon Hedimasta da ba ya fashi, wanda ke zuwa musamman don ya kama ni da kuskure.

Ajanda ce ke shirya zaman. Tun muna kwaleji muka laƙaba mata sunan, don ko kasuwa za a je sai ta rubuta abin da za a fara da abin da za a ƙare. Shekara talatin da ɗaya muna tare. Ita ta riƙe hannuna ranar da na haifi Auta. Kuma ita da kanta ta kafa dokar kwando: mai tambaya ya rubuta a takarda ba suna, ya naɗe, ya jefa, ni in karanta wa masani, in an tashi in yayyaga. Tana yawan cewa a zauren nan tambaya ba ta da uwa ba ta da uba.

Jiya zama ne na musamman. An haɗa zauruka shida daga ƙasashe shida a allo ɗaya, ana ɗauka don a sa a intanet. Baƙuwar wata lauya ce mai aikin shige da fice. Na karanta tambaya uku daga kwando, lafiya lau. Sai na ga Ajanda ta miƙe, ta gyara mayafi, ta tsaya gaban kyamara. Da Turancinta na zuwa taro ta ce ita ba daga takarda za ta yi tambaya ba, labari ne na gaske ta kawo. Tana da aminiya, 'yar aminiyar ta tafi karatu Amurka, tallafin ya yanke a shekara ta biyu, takardunta suka ƙare, yanzu tana zaune a gidan wata tsohuwa tana jinyarta a ɓoye. Lauyar ta ɗaga hannu ta ce ba sai an faɗi bayanan mutum ba. Ina! Ajanda ta riga ta hau, ba birki. Ta faɗi garin. Ta faɗi makarantar da yarinyar ta bari. Ta faɗi sunan yanka na Auta.

Sai zaure ya juyo yana kallona, don haka aka saba, in Turanci ya tsaya Hausa ta tashi. Makirufo na hannuna. Ina iya cewa na shaƙe, ina iya ajiye shi in fita. Amma bakina ya saba, ya kama aiki bai shawarce ni ba. Na fassara tsaf, jimla bayan jimla, har da garin. Sunan kaɗai na tsallake, don wauta, sai ka ce suna yana da Turanci da Hausa. Gwaggon yara, yayar Baban Auta, tana layi na biyu. Na ga lokacin da ta sauke maficinta.

Duk dangi, na uwa da na uba, sun san Auta na can tana rubuta kundin digirinta na biyu. Ni kaɗai na san gaskiya, kuma sai da ta rantsar da ni kafin ta gaya mini. Yadda Ajanda ta samu labarin, ba yau zan rubuta ba.

Asabar, 5 ga wata, 1:10 na rana

Gwaggo ta zo tun hantsi da lulluɓin zuwa ta'aziyya. Ta gaishe ni, ta tambayi gajiya, ta tambayi aiki, ta sha ruwa, ta yaba labule. Sai da ta ga ƙaninta ya fito falo sannan ta gyara zama.

"Ashe haka abu ya faru, ba a gaya wa manya?"

"Wane abu, Yaya?"

Ta dube ni, wai tana ba ni dama. Ban ɗauka ba, ta faɗa masa duka. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, ai fassarata ta haddace.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya cire tabarau ya riƙe, ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce wata goma sha huɗu.

Ya ce, "Ni kuma ina ta bin ofis ina cewa 'yata ta kusa gama kundi." Ya tashi ya shiga ɗaki. Gwaggo ta zauna har ta ci abincin rana, ta ce gishiri bai ji ba.

Lahadi, 6 ga wata, 4:05 na yamma

Auta ta kira ƙarfe uku kamar kullum Lahadi, lokacin da tsohuwar ke karin kumallo. Ba ta san komai ba tukuna. Tana ta dariya, wai tsohuwar ta koyi cewa "sannu", yanzu har kyanwarta take yi wa sannu. Ta ce, "Mama, muryarki ta yi wani iri, mura ce?"

Na ce mura ce.

Minti ashirin muna magana, na buɗe baki sau uku in gaya mata, sau uku ina tambayarta ko tana cin abinci. Babanta na zaune a falo yana jin komai. Na miƙa masa wayar ya girgiza kai. Na ce mata ya fita.

Wataƙila ba mai kallon bidiyon nan. Wa ke zama ya kalli awa ɗaya da rabi na dokar shige da fice?

Litinin, 7 ga wata, 12:30 na rana

Na je wurin Mai Na'ura, shi ke kula mana da majigi da intanet. Tun ban yi magana ba ya ce, "Malama, na cire bidiyon daga shafinmu tun ranar Juma'a, ban jira umarnin kowa ba." Allah Ya saka masa. Amma ya ce akwai kwafi a shafin ƙungiyar da ke haɗa mu da masanan, shi kuma ba sa cirewa sai mai shirya zaure ta rubuta musu wasiƙa da sa hannunta.

Ya sosa ƙeya, ya ƙara da cewa, "Kin dai san maganar tafiyar nan ko?"

Na sani mana. Cikin masu shirya zauruka shida za a zaɓi biyu su je Amurka ziyarar mako uku, kuma an ce ana son wanda ya fi kawo muryar mutanensa. Ni na gyara wa Ajanda Turancin takardar neman, a kan teburin kicin ɗina, tana cin gyaɗata.

Talata, 8 ga wata, 11:45 na safe

Na samu Ajanda a ofishinta na ƙarƙashin bene, tana liƙa jadawalin wata mai zuwa. Ko a jikinta.

"Ƙawas! Kwana biyu ina kiranki. Zauna mana."

Na ce a tsaye ma na isa.

Ta ajiye abin hannunta ta ce, "To, na ji, ranki ya ɓaci. Amma ki tsaya ki duba. Wata uku kina zuwa mini da idanu a kumbure, me kika yi? Ba komai. Ke ba ki motsa ba, ni na motsa. Ga lauya har gida, kyauta, sai in bar ta ta wuce?"

"Lauya kika gaya wa, ko duniya?"

"Haba, sunan ne ya kuɓuce mini. Kin san ni in na fara magana."

"Garin ma kuɓucewa ya yi? Makarantar fa?"

Ta gyara takardun da ba su karkace ba. Na ce ta rubuta wasiƙar cirewa yanzu, ni zan buga mata, layi uku ne. Ta ce za ta rubuta, wallahi za ta rubuta, amma in ɗan yi mata haƙuri zuwa ashirin ga wata, don in ta nemi a cire yanzu za a ce zaurenmu na da matsala.

Ashirin ga wata ake fitar da sunayen masu tafiya.

Na kalle ta sosai, na ga ɗan tabon da ke haɓarta, wanda ta samu ranar da muka faɗo daga babur muna 'yan mata. Fuskar dai ita ce. Na fito ban yi mata sallama ba, kuma a rayuwata ban taɓa jin baƙin ciki irin na matakalar nan ba.

Laraba, 9 ga wata, 2:20 na rana

Saƙo daga Auta. Bidiyo ne, minti ɗaya da daƙiƙa arba'in. Ba na ƙungiyar ba ne. Wani ne daga cikin zaurenmu ya ɗauka da wayarsa daga baya, ana ganin ƙeyoyin mutane da gefen hular Hedimasta. Turancin Ajanda ba ya ma fita sosai. Abin da ke fita tar shi ne Hausata, don lasifikar tana kusa da mai ɗaukar. Shi ke yawo a wayoyin mutanenmu da ke can garin.

A ƙasa ta rubuta layi ɗaya: "Mama, wannan muryarki ce?"

Na kira ba ta ɗauka ba. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Daga ƙarshe na tura, "Ki saurare ni, Auta." Ta karanta.

Laraba, 5:40 na yamma

Ta karanta, ba ta amsa ba.

Alhamis, 10 ga wata, 4:15 na yamma

Yanzu haka suna can an kunna majigi. Ban je ba. Na kalli bidiyon ya fi sau ashirin ina lissafin kujeru. Layi na huɗu ne, wajen taga. Wa ke zama a layi na huɗu wajen taga? Matar nan mai sayar da atamfa takan zauna, amma ranar ta makara. Malamin lissafi ma yakan zauna. Ma'aikaciyar jinyar nan da na taɓa raka wa asibiti da ɗanta ma nan ne wurinta. Duk wanda na tuna sai in ga ya taɓa gaishe ni da hannu biyu.

Abin da ya fi ci mini rai, fassarar ta yi kyau. Ba in'ina, ba gargada. Ko Hedimasta bai samu abin gyarawa ba.

Juma'a, 11 ga wata, 8:00 na safe

Saƙona na jiya bai ma shiga ba. Wayar a kashe.

Lahadi, 13 ga wata, 4:30 na yamma

Na zauna da wayar a cinya tun biyu da rabi. Uku ta yi, ta wuce. Baban Auta ya fito falo da jarida ƙarfe uku saura, bai juya shafi ko ɗaya ba, huɗu na yi ya koma ɗaki. Kwana takwas ke nan maganarmu ba ta wuce "ga abinci" da "na gode".

Ajanda ta turo saƙo: "Ina yi miki addu'a ƙawas." Har da hoton hannuwa.

Litinin, 14 ga wata, 10:20 na safe

To, bari in rubuta abin da nake ta kewayewa.

Wata uku da suka wuce wani farfesa ya yi mana bayani kan ɗalibai baƙi a jami'o'insu. Kafin a fara na shiga banɗaki, na yagi takarda, na rubuta da hannun hagu: in ɗaliba ta bar makaranta, takardunta suka ƙare, akwai hanyar gyarawa? Na jefa a kwando da kaina, na ciro da kaina, na karanta da kaina. Na ɗauka na yi wayo.

Da aka tashi Ajanda ta ce in zo ta rage mini hanya. Muna kaiwa kwanar makarantar firamare ta tsayar da mota a gindin bishiya, ta kashe. Ta ce, "Tambaya ta huɗu taki ce. Kin karanta ta ba ki kalli takardar ba."

Ina iya musawa. Amma wata goma sha ɗaya ina ɗauke da abin nan ni kaɗai, ina yi wa miji ƙarya, ina yi wa dangi murmushi. Ta dafa kafaɗata kawai, sai na fashe. Na gaya mata garin, da makarantar, da tsohuwar, har da kyanwar. Ba ta tambayi rabinsu ba, ni na zuba. Ta dafa ƙirji ta ce, "Daga ni sai kabarina."

Haka na ce wa Auta ranar da ta rantsar da ni. Kalma ɗaya ba ta bambanta ba.

Na rubuta ke nan. Ban ji sauƙi ba, kuma bai sa na daina jin zafin Ajanda ba. Ni kuka ya sa na faɗa wa mutum ɗaya a cikin mota a kulle. Ita hoda ta shafa ta tsaya gaban kyamara.

Laraba, 16 ga wata, 3:50 na yamma

Na tono lambar wata yarinya da suka taɓa zama ɗaki ɗaya da Auta a makaranta. Ta ɗauka, ta gaishe ni da ladabi, amma muryar a ɗaure.

Ta ce bidiyon ya kai ga matar da ta samo wa Auta aikin, ita kuma ta tsorata ta gaya wa 'ya'yan tsohuwar. Ba su yi wa Auta wulaƙanci ba, sun dai ce ba za su iya ci gaba ba. Ranar Alhamis ta haɗa jaka ɗaya ta fita. Tsohuwar wai ta yi ta kuka tana riƙe mata riga.

"Ina ta tafi, 'yar nan?"

"Wallahi Mama ban sani ba."

"In kin sani za ki gaya mini?"

Sai ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, zan shiga aji."

Alhamis, 17 ga wata, 6:30 na yamma

Na je. Ba don kowa ba, bango huɗun gidan nan ne suka ishe ni. Na zauna can baya, a layi na huɗu wajen taga, don in ga wa zai tsargu. Ba wanda ya tsargu, ko kuma duk sun tsargu, don kowa ya ga fuskata sai ya tuna yana da saƙo a waya.

Hedimasta ne ya karɓi fassara. Shekara bakwai yana jiran ranar nan. Masanin yana bayanin yadda ake zaɓen masu kula da makarantun unguwa, Hedimasta yana biye da shi da jimla uku a baya, yana gumi, yana ƙara nasa ra'ayin a tsakiya. Da a ce wata ranar ce da na yi dariya har da hawaye.

Da aka zo tambayoyi, Ajanda ta ɗauki kwando ta zagaya da kanta. Ta kai ƙarshen layi ta dawo, ta leƙa ciki. Babu ko takarda ɗaya. Mutum talatin da wani abu a zaure, har da malamin lissafi da ke jefa uku-uku. Masanin yana ta murmushi a allo yana cewa kada mu ji kunya, kowace tambaya tana da amfani. Daga ƙarshe Ajanda ta ƙirƙiro tambaya da bakinta.

A bakin ƙofa mai atamfa ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, ni ma da tambaya na zo a kan ƙanina, na mayar da ita jaka." Ban san ko ita ce ta ɗauki bidiyon ba. Na bar mata hannun har ta gaji ta saki.

Asabar, 19 ga wata, 9:10 na safe

Na yi mafarkin Auta tana aji uku, ta ɓatar da takalmi ɗaya tana tsoron shigowa gida.

Lahadi, 20 ga wata, 5:00 na yamma

Uku ta yi, ta wuce.

Litinin, 21 ga wata, 1:40 na rana

An zaɓi Ajanda. Mai Na'ura ne ya kira ya gaya mini, ya ce kuma da safen nan ta tura wasiƙar, an cire bidiyon ƙungiyar kafin azahar. Kwana goma sha takwas ana jiran layi uku, ashe aikin rabin wuni ne.

Na ce masa ya yi mata barka. Ya ce, "Malama, da gaske?" Na ce a'a.

Talata, 22 ga wata, 6:15 na yamma

Ajanda ta zo gida. Ta yi sallama daga bakin ƙofa kamar baƙuwa, ita da ke shigowa har kicin ta buɗe tukunya. Na bar ta a tsaye ɗan lokaci kafin na ce ta shigo.

Ta ciro takarda daga jaka. Wai lauyar ta rubuto mata, ta ce abin ya dame ta, ga lambar wani ofishi da ke taimaka wa masu irin wannan matsalar, kuma a sirrance suke aiki. "Kin gani? Da ban yi magana ba, da ina za mu samu wannan?"

Na karɓi takardar. Na tsani kaina da na karɓa, amma na karɓa, na ninke na sa a zani.

Da ta ga haka sai ta samu ƙarfi. Ta ce, "Kuma in na je, in Allah Ya yarda, zan nemo miki ita. Ai ina da mako uku, zan tambayi mutanenmu na can, ba za ta ɓace mini ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Kada ki kuskura. Kada sunanta ya sake fita daga bakinki, a nan ko a can, da Turanci ko da Hausa. In kin gan ta a titi ki tsallaka ɗaya hannun."

Ta fara hawaye. "Shekara talatin, ƙawas. A kan kuskure ɗaya?"

Na ce, "Kuskuren na ranar Alhamis ne. Kwana goma sha takwas da suka biyo baya fa, me ake ce musu?"

Ta tsaya tana gyara mayafi, sannan ta ce in na huce in kira ta. Na rufe ƙofa, na jingina da ita. Abin haushi, da na ji motarta ta tashi sai na ji kewarta, don duk lokacin da aka ɓata mini rai irin haka ita nake kira.

Alhamis, 24 ga wata, 7:40 na safe

Yau Baban Auta ya yi magana. Yana ɗaura agogo, bai kalle ni ba, ya ce, "Kin ɗauka don takardunta sun ƙare nake fushi?"

Ya ci gaba, "Tallafi ya yanke, ba laifinta ba ne. Ta samu aiki ta riƙe kanta, ba ta yi sata ba. Da na sani da na sayar da filin nan ta koma aji. Wata goma sha huɗu ina kwana kusa da ke. Kika ga ƙawarki ta fi ni cancantar ta sani."

Na ce Auta ce ta hana, tana tsoron ta ba shi kunya.

Ya ce, "To ai ta hana ki gaya wa kowa ne. Da kika tashi karyawa, me ya sa ba ki karya a kaina ba?"

Ya ɗauki makullinsa ya fita. Har yanzu shayinsa na kan tebur.

Juma'a, 25 ga wata, 12:00 na rana

Na rubuta wa ɗakin karatu cewa na ajiye aikin tafinta. Layi biyu. Hedimasta ya kira yana roƙona, wai shi ashe gyara ya iya, ba ɗinki ba. Na ce ya yi haƙuri, zai saba.

Lahadi, 27 ga wata, 4:20 na yamma

Ta kira.

Uku da minti ashirin, lamba a ɓoye. Na ɗauka.

"Mama."

Na kasa cewa komai sai sunanta, na yi ta maimaitawa. Ta bari na gama.

"Ina lafiya. Ina da wurin kwana, na samu aiki. Abin da na kira in faɗa ke nan."

"Alhamdu lillahi. Auta, ki yafe mini, wallahi ban..."

"Ba yau ba, Mama."

Muryarta ba fushi a ciki, ba kuka. Irin muryar da take yi wa mutanen da ba ta sani ba ce. Na ce to, tana ina yanzu?

"Ba zan gaya miki ba."

Na ce akwai lambar wani ofishi, an ce suna taimakawa, a sirrance. Ta ce daga wa na samu? Na fara kame-kame. Ta ce, "Na gane. Ki bar ta a wurinki."

Ina tsoron ta kashe. Na ce, "Akwai sanyi a wurin? Kin fita da rigar sanyinki?"

"Mama, in na ce akwai sanyi na gaya miki rabin inda nake. Kada ki tambaye ni komai. Baba na kusa?"

Yana tsaye a kaina tun ɗazu. Na miƙa masa. Ya karɓa, ya shiga ɗaki, ya turo ƙofa. Ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa, sau ɗaya har na ji ya yi 'yar dariya, sannan na ji yana neman biro a aljihun tebur. Minti goma sha ɗaya suka yi, ina kallon agogon bango.

Ya fito idanunsa jajir, ya miƙo mini wayar a kashe. Na ga gefen takarda a aljihun rigarsa. Ban tambaya ba, shi ne ya ga inda idona yake, ya dafe aljihun.

"Ta ce kada in gaya miki."

Na ce ta yi daidai. Na shiga kicin na ɗora ruwa a wuta, ba don wani zai sha ba.